Badagiri: Labarin da Aka Faro Daga Bakin Ruwa



'Yan shekarun nan wata al'ada ta shigo wa yaranmu masu bin tirela zuwa Ikko. In an sauke shanu a Agege ko a Kara, an yi ciniki, ana jiran lodin dawowa, sai su haɗa kuɗin mota ranar Lahadi su nufi Badagiri yawon buɗe ido. Kafin Magariba hotuna sun cika Facebook. Wannan ya rataya sarƙar bayi a wuya yana washe baki, wancan ya tsaya bakin teku ya naɗe ƙafar wando ya ɗaga yatsu biyu. Iyaye sun sha tare ni a ƙofar masallaci da tambaya guda: Malam, wannan yawon yana da wani amfani kuwa, ko dai ɓarnar kuɗi ce da shashanci?

Na san garin, na yini a cikinsa, na shiga gidajen da ake shiga, na biya kuɗin kwale-kwale na haye. Amsata ita ce wurin ya cancanci a je, kuma mutanen Badagiri sun cancanci yabo don sun riƙe abin da kakanninsu suka bari, alhali mu namu yana zubewa muna kallo. Sai dai labarin da ake ba baƙo a can yankakke ne. An faro shi daga bakin ruwa, daga inda jirgin Bature ya tsaya. Hanyar da ta kawo mutanen nan bakin ruwan, babu mai ambatonta, kuma wannan hanyar ta ƙofar gidanmu ta bi. Shi ya sa yaronmu yake shiga ya fito yana ganin tarihin wasu ne, har ya samu bakin dariya da mari a wuyansa.

Tafiyar kanta ba ta da wani dogon bayani. Daga Mile 2 ake hawa mota, a miƙe titin da ya nufi iyakar Seme. A fita da an sallame Asuba saboda cunkoso, a riƙe katin shaida a aljihu don shingaye suna da yawa. Garin na ƙabilar Egun ne, sarautarsu Akran. Yana kwance ne a gefen wani ruwa mai kama da tafki, teku tana can bayan wani tsirin rairayi, ba a ganinta daga cikin gari. Akwai 'yan'uwanmu a can, masu shayi da tsire da 'yan acaɓa, kuma ba a rasa inda za a yi sallah.

Abin da ake fara kai mutum shi ne wani farin bene mai rufin kwano da matakalar katako, yana fuskantar ruwa. Turawan mishan suka gama gina shi a 1845, ƙarƙashin wani limaminsu mai suna Gollmer. A sama za a nuna maka ɗakin da Samuel Ajayi Crowther ya zauna, da tsohon Baibul na Yarbanci, don shi ne ya jagoranci fassara shi. Ginin tsaf yake, an share, an yi fenti. Matsalar tana jikin sunan da aka laƙaba masa: wai benen farko a Najeriya.

To a nan ne Bahaushe zai yi gyaran murya. Najeriya dai sai 1914 aka haɗa ta, amma bar wannan. Baturen nan Clapperton ya shiga Kano a farkon 1824, shekara ashirin da ɗaya kafin a gama wannan gini, kuma ya rubuta cewa ya tarar da soraye masu hawa biyu, da matakala a ciki, da ɗakunan kwana a sama. Gidan Rumfa tun ƙarni na 15 yake tsaye. Hasumiyar Gobarau ta Katsina hawa ake yi, kuma Katsinawa da zamanin Muhammadu Korau suke danganta ta. Ko bene sai an yi shi da katako da kwano yake zama bene, na tubali da azara ba ya cikin lissafi? Da sun ce benen farko na 'yan mishan, da ba ni da ta cewa. Wannan ƙaramin abu ne, amma daga nan ka fara gane yadda ake auna tarihi a garin: abu yana farawa ne ranar da Bature ya sa hannu.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai yana gaba kaɗan a kan wannan layin, gidan Sariki Williams Abbas. Kalmar Sariki ɗin nan tamu ce, sarki ce Yarbawa suka ara suka lanƙwasa. Babban gida ne mai tsakar gida da ɗakuna a jere, har yau zuriyarsa da sauran mazauna suna ciki, ga shanya a igiya, ga yara suna wasa, ga hayaƙin girki. An ware ɗakuna biyu yadda suke a da, don baƙi su gani. Ɗaki ne ƙanƙane mai 'yar kafa guda can sama kusa da rufi. In aka turo ƙofa, ko ku biyar ne a ciki, ba a minti biyu gumi ya karyo. Wallahi duk mai imani in ya shiga sai jikinsa ya yi sanyi. Wannan ɗaki shi kaɗai ya biya kuɗin motar. A wani ɓangaren kuma an ajiye sarƙoƙi da maruruwa, da manyan rigunansa, da tangaran, da wata tsohuwar laima. Kabarinsa ma yana cikin gidan.

Ga yadda ake ba da tarihinsa. Bayarabe ne daga Joga Orile, wajen Ilaro. Yana yaro mayaƙan Dahomi suka kama shi. Ubangidansa na farko wani ne mai suna Abbas, shi kuma ya sayar da shi ga wani Bature Williams, wanda ya tafi da shi Burazil, ya koyi karatu da harsuna a can. Daga baya ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi. Sunayen iyayen gijin nasa biyu su ne ya riƙe har ya mutu. Ya yi arziki, ya zama Sarkin Musulmin Badagiri, Turawan Ingila suka ɗora shi kan mulkin yankin, ya rasu a 1919.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya jin lamba ya wuce bai juya ta ba. Ana cewa gidan ɗaki arba'in ne, kowane ɗaki bayi arba'in, laimar nan kuma bayi arba'in aka ba da aka karɓe ta. Arba'in, arba'in, arba'in. Lamba in ta cika daidaituwa haka, ta fi kama da ta tatsuniya. Ɗaki arba'in sau mutum arba'in, mutum 1,600 ke nan a gida guda a lokaci guda. Ɗakin kuwa bai fi ƙafa tara a tara ba, wato kowane mutum ƙafa biyu murabba'i. Mu da muke lodi ranar Laraba a kasuwar shanu mun san abin da matsi yake yi wa mai rai. Wanda ya cusa kaya fiye da kima, mushe zai sauke, kuma asarar tasa ce. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko an ƙara wa lambar gishiri, ko kuwa ɗan Adam ya yi arhar da mai shi bai damu ya mutu ba kamar yadda muke damuwa da sa. Kowanne daga ciki ya cancanci a tsaya a yi wa baƙo bayani. Ba a tsayawa. Haka maganar babbar igwa bayi ɗari. A wace shekara? Da wa aka yi cinikin? Nawa ne a wuri, tunda da wuri ake ƙididdiga a lokacin? Farashi ba kwanan wata ai ba farashi ba ne.

Kar a ce ina musun abin da ya faru. An tsare mutane a garin nan, an sayar, an loda. Abin da nake cewa shi ne gaskiya mai nauyi irin wannan ba ta bukatar ƙari, kuma ƙarin shi ke ba mai son musu ƙofa.

Sai lissafin shekaru, wanda ya fi wancan damuna. Ana cewa a shekarun 1840 aka gina gidan. Mutumin ya rasu a 1919. In shi ya gina shi yana cikakken mutum, bayan ya je Burazil ya dawo ya tara dukiya, to ya haura shekara ɗari a duniya ke nan. Allah mai iko ne, amma a duba wani abu. Burazil ta rufe shigo da bayi a 1850. Sarakunan Badagiri sun sa hannu da Ingila kan daina cinikin a 1852. A 1863 garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Turawa na Ikko. 'Yan fasa-ƙwauri zuwa Kuba ma ba su wuce shekarun 1860 ba. Ke nan mafi yawan rayuwar Sariki Abbas, fiye da shekara hamsin, ya yi ta ne bayan jiragen sun daina zuwa. To bayin da ya mallaka a wannan tsawon lokaci ina za a kai su? Ba ko'ina. Bayin gida ne, na gona da dakon manja, irin waɗanda cinikinsu ya ci gaba tsakanin baƙi da baƙi bayan Bature ya janye. Wannan babin ba shi da jirgi, ba shi da teku, ba ya jawo baƙi daga Amurka, shi ya sa ake tsallake shi.

Akwai kuma maganar da ake faɗa don a ba baƙi dariya, wai matansa 128, 'ya'yansa 144. Na ga samari suna tafawa suna cewa kai, namijin duniya. Jama'a, mutumin da ake kira Sarkin Musulmi ya san iyakar aure huɗu ce. In lambar gaskiya ce, sauran 124 ɗin su wane ne? Ƙwaraƙwarai ne, wato bayi mata, 'ya'yan wasu da aka rabo da iyayensu. An ɗauki mafi ɗacin abin da ke cikin gidan an mayar da shi abin raha.

Daga nan ake sauka bakin ruwa a hau kwale-kwale a haye zuwa Gberefu. Hayin ba shi da nisa. Sai tafiyar ƙasa cikin rairayi da itatuwan kwakwa, wajen minti ashirin zuwa rabin sa'a, rana tana dukan ƙeya. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da aka kewaye. Bayanin da ake yi shi ne an yi mata asiri, duk bawan da aka shayar da ruwanta sai ya manta garinsu da iyayensa da harshensa, ya shiga jirgi kamar rago. Ƙarshen hanyar kuma, inda teku take, suna kiransa wurin da in an je ba a dawowa.

Tekun dai abin kallo ce, kar in rage mata. Mutumin Potiskum da ya saba ganin ruwa a guga da tankin 'yan garuwa, in ya tsaya gaban wannan abu mai ruri wanda ba a ganin ƙarshensa, tasbihi ne yake fitowa daga bakinsa ba shiri. Kar dai a shiga, igiyar ruwan wurin tana ja, kuma yawancinmu ba mu iya iyo ba.

Amma labarin rijiyar nan, a ganina, shi ne mafi rauni a duk abin da ake faɗa, kuma cin fuska ne ga waɗanda aka tafi da su. Ba su manta ba. A Bahiya ta ƙasar Burazil, bayi Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807, aka sake tashi a 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka fito titunan birnin Salbado da fararen riguna. Da aka murƙushe su, abin da aka samu a jikinsu layu ne da takardu masu rubutun Larabci. Mutumin da ya haye teku ya ci gaba da rubuta allo a ɓoye, yana lissafin watan Ramadan a ƙasar da ba a kiran sallah, wane ruwa ne ya mantar da shi? Batun ba a dawowa kuwa, ai su da kansu sun ce Sariki Abbas ya dawo. Crowther ma da aka nuna mana ɗakinsa, bawa ne da aka loda a Ikko a 1822, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi, ya dawo ya sauka a Badagirin nan a 1845.

Ga wanda ya fi kusa da mu. Akwai wani mutum Ali Eisami, Babarbare, ɗan malami, haifaffen yankin Gazir kusa da Birnin Gazargamu, wato cikin jihar Yobe ta yau. Bayan an ci Birni a 1808 ƙasa ta rikice, aka kama shi a hanya. Aka bi da shi hannu zuwa hannu, ta ƙasar Kano, ta Katsina, ta Yawuri, ta Bargu, har ƙasar Yarbawa. Ya yi shekaru a can, sannan aka sayar da shi ga Turawa a Ajashe, garin da ake kira Porto Novo, maƙwabcin Badagiri ta ɓangaren Jamhuriyar Binin. Jirgin Ingila ya tare nasu a teku, aka sauke shi a Saliyo a 1818. Shekara talatin bayan haka wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Koelle ya zauna da shi, kuma mafi yawan nahawun Barbarci da tatsuniyoyi da karin maganar da ya buga a 1854 daga bakin wannan dattijo suka fito. Shekara talatin bai taka Barno ba, harshensa yana nan daram har ya ishi a rubuta littafi.

Ku duba hanyar da aka bi da shi: Kano, Katsina, Yawuri, Bargu, Oyo, bakin teku. Hanyar fatake ce, wadda ake bi da kanwa da fata da dawaki. Ita ce kuma Clapperton ya biyo ta baibai a tafiyarsa ta biyu. A Badagiri ya sauka a ƙarshen 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa ya shiga Kano, ya ƙarasa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a watan Afrilun 1827. Tafintansa a wannan tafiya wani Bagobiri ne, Abubakar, Turawa suna ce masa Pasko, shi ma tsohon bawa ne da aka loda a jirgi aka ƙwato. Yaron Clapperton, Lander, ya komo Badagiri shi da Abubakar ɗin, har aka zarge shi da leƙen asiri aka ba shi guba ya sha don a gwada gaskiyarsa, ya tsira. Labarin gubar Lander za ka ji shi a garin. Sunan Abubakar Bagobiri, wanda da bakinsa aka yi magana da sarakuna tun daga nan har Sakkwato, ban ji an ambata ba. Yanzu da gwamnati ta ƙaddamar da aikin titin Sakkwato zuwa Badagiri a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, ana ta magana kamar sabon abu ne haɗa garuruwan biyu. Ƙafa ta riga kwalta da shekara ɗari biyu.

To in hanyar ta bi ta ƙasarmu, wa ya riƙe igiyar? Nan ne maganar take da ɗaci, kuma nan ne ba zan ɗora wa mutanen Badagiri laifi su kaɗai ba, don mu ma shirun ya yi mana daɗi. Bature bai taɓa zuwa Gazir ya kama Ali Eisami ba. Wanda ya kama shi, da wanda ya fara sayensa, duk masu sallah ne. Crowther ya faɗa da bakinsa cewa cikin waɗanda suka ƙone garinsu Osogun a 1821 akwai Musulmi. Kasuwar Kurmi tana da ɓangaren bayi har Turawa suka ci Kano a 1903. Dokar Lugga ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, bauta kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kakannin wasunmu sun ga wannan da idonsu.

Kuma kar wani ya ce ai zamanin ne, ba a san haramun ba ne. An sani. Tun wajen 1391 Mai na Barno, Usman ɗan Idris, ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ takarda yana kukan cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa Musulmi 'ya'ya suna sayarwa. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa a kan wannan mas'ala, ya lissafa Barno da Kano da Katsina cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Muhammadu Bello ma a 1824 ya yarda a rubuce zai hana fatake fitar da bayi zuwa bakin teku. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san matsayin wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Malamai sun faɗa, kasuwa ta ƙi ji. Wanda ba Musulmi ba ma da aka kai wa hari don kawai a samu na sayarwa, aka kira abin da sunan jihadi, Allah Ya san niyyar kowa. Mu a wannan yanki da muke zaune da Ngizim da Karekare da Bolewa da Bade, muna cin kasuwa ɗaya muna auratayya, ya kamata mu fi kowa sanin nauyin wannan magana.

Wani zai ce Malam, me ya kawo tonon tsohon ciwo? Ciwon bai warke ba ne. A unguwar nan, in aka zo neman aure aka ce a binciki asali, me ake nufi? Wani lokaci hali da sana'a ake nufi, wannan daidai ne. Wani lokaci kuwa sai a koma gefe a yi ƙasa da murya a ce ai kakarsu kaza ce, bacucane ne. Na ga auren da ya mutu tun kafin a ɗaura shi a kan wannan kalma, yaro mahaddaci, mai sana'arsa. Wanda ya hana 'yarsa saboda haka, in ya je Badagiri zai tsaya gaban ɗakin nan ya girgiza kai ya ce Turawa azzalumai ne. Su azzalumai ne, ba musu. Amma shi da ya riƙe sakamakon cinikin har yau yana aiki da shi fa?

Abin da zan roƙi masu kula da wuraren tarihin Badagiri, in wannan takarda ta isa hannun wani da zai fassara musu, bai da tsada. Taswira guda a bango, mai nuna hanyoyin da suka gangaro daga Barno da ƙasar Hausa da Nufe zuwa gaɓar nan. Sunaye kaɗan na mutanen da tarihi ya riƙe, irin su Ali Eisami da Abubakar Bagobiri. Sai a raba wa baƙo abin da aka samu a rubuce da abin da aka ji a bakin kaka, kowanne da darajarsa, amma kar a gwama. Sarƙar nan kuma a daina rataya wa mutane don hoto. Na san tana kawo ɗan abin hasafi, masu bayanin ma iyali gare su, kuma akwai masu ƙoƙari sosai a cikinsu. Amma ƙarfen da ya ci wuyan wani bawan Allah ba abin ado ba ne.

Namu laifin ya fi sauƙin gyarawa don a hannunmu yake. Kufan Birnin Gazargamu yana nan wajen Gaidam, cikin jiharmu, birnin da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, aka yi mulkin Barno daga cikinsa fiye da shekara ɗari uku, da ragowar ganuwa da jan bulo a ƙasa. Mutum nawa a Hausari suka taɓa zuwa? Tsohon garin Fika, inda sarauta ta taso ta dawo Potiskum a 1924, yana nan kusa, ana zuwa a dawo kafin La'asar. Masu zuwa Kano sarin kaya kullum suna wuce Gidan Makama ba su taɓa leƙawa ba. Malaman Islamiyya da ke neman inda za su kai ɗalibai bayan sauka, ga wurare nan, in hanya ta yi kyau an kuma nemi izinin hukuma. Kuma dattawanmu da suka haura tamanin, waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu yadda aka zo Hausari, wa ya zo da fatauci, wa ya zo da almajiranci, wa aka zo da shi, kowane yaro yana da wayar da za ta ɗauki muryarsu.

Wanda zai je Badagiri cikin yaranmu, ya je. Ya tanadi kuɗin shiga kowane gida daban, da na kwale-kwale, ya yi ciniki kafin ya hau, ya ɗauki ruwan sha da hula. Ya yi Azahar kafin ya haye, don can hayin ba lallai ya samu ruwan alwala mai daɗi ba. In mai bayani ya gama, ya tambaye shi cikin ladabi: waɗannan mutanen daga ina aka kawo su, kuma wa ya kawo su? Ya kuma kama hanyar Ikko kafin ƙarfe huɗu, don titin ba ya da daɗi da dare.

Wassalam.